BSAC: Kafuwar Ƙungiyar Masu Nutso ta Birtaniya da Fafutukar Riƙe Gwanayenta

Ranar 15 ga Oktoba, 1953, wasu mutane suka hallara a otal ɗin Waldorf da ke birnin Landan, suka kafa ƙungiyar da suka sa wa suna British Sub-Aqua Club, wadda aka fi sani da BSAC. Mutum biyu ne suka kira taron: Oscar Gugen, ɗan kasuwa mai sayar da tabarau da takalman ninƙaya, da Peter Small, matashin ɗan jarida mai rubutu a kan kimiyya. Shekara 10 ke nan da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera, a Faransa, na'urar da ke ba mutum damar goya tukunyar iska a baya ya nutse yana numfashi, ba tare da wani bututu ya haɗa shi da jirgi ba.

A Birtaniya ta wancan lokacin na'urar tana da tsada, kuma ba a cika samunta ba. Wasu sukan haɗa tasu da hannu, da tsoffin tukwanen iska na jiragen saman yaƙi da kan tukunyar gas na girki. Mai koyarwa ma sai an tona. Trevor Hampton, wanda ya buɗe makarantar nutso a Dartmouth, yana cikin 'yan tsirarun da suka san aikin, kuma a hannunsa Gugen da Small suka koya. Ga shi kuma tekun ƙasar ba ya yafiya: ruwa mai sanyin tsiya, mai duhu, ga igiya mai ja da ƙarfi. Wanda ya shiga shi kaɗai da ilimin ji-ta-ji-ta, da wuya ya daɗe.

Wannan hali ne ya haifar da tsarin da ƙungiyar take kai har yau, wato tsarin rassa. A 1954 aka buɗe reshe na 1 a Landan, sauran garuruwa suka biyo baya. Kowane reshe yana tara kuɗin membobinsa, ya kama hayar wurin ninƙaya na gari dare ɗaya a mako, ya sayi injin ɗura iska, in hali ya yi ya sayi kwale-kwale mai inji. Yana da jami'in nutso, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan wa zai shiga ruwa da iya zurfin da zai kai. Masu koyarwa ba a biyansu ko sisi. Aikin gayya ne: an koya maka kyauta, in ka ƙware kai ma ka koya wa na bayanka. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da waɗanda suka kafa ƙungiyar suka bari, kuma shi ne inda rauninta yake, domin duk ginin ya dogara ne a kan gwanaye su zauna.

Girma ya zo da sauri. Hukuma ta amince da BSAC a matsayin uwar ƙungiyar wannan wasa a ƙasar, a 1959 ta fitar da littafinta na koyarwa, a shekarar kuma ta shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nutso ta duniya, CMAS, a Monako, ƙarƙashin shugabancin Cousteau. Gidan sarauta ya rungume ta: Yarima Philip ya zama shugabanta a 1960, Yarima Charles ya riƙe muƙamin shekara 40 daga 1974, sannan ya miƙa wa ɗansa William a 2014. Peter Small bai ga yawancin wannan ba. A Disamba 1962 ya rasu a gaɓar tsibirin Catalina da ke Kalifoniya, a wani gwaji da ya yi tare da Hannes Keller ɗan Suwizalan, inda suka sauka zurfin kusan mita 300.

Wanda yake son ya san abin da reshe mai gwanaye zai iya yi, ya dubi labarin Mary Rose, jirgin yaƙin Sarki Henry na 8 da ya nutse a mashigin Solent a 1545. A 1965 marubuci Alexander McKee ya fara nemansa tare da membobin reshen BSAC na Southsea. Mutane ne masu aikinsu na yau da kullum, suna fita ƙarshen mako da kuɗin aljihunsu, suna lalube cikin laka a ruwan da mutum bai cika ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa ba. Sai a 1971 suka ga katakon jirgin. Da aikin tono ya kankama ƙarƙashin masaniyar kayan tarihi Margaret Rule, masu nutso 'yan sa-kai fiye da 500 suka shiga, aka fito da kayayyaki kimanin 19,000, aka kuma ɗago gangar jirgin ranar 11 ga Oktoba, 1982, duniya tana kallo a talabijin. Sabon shiga ba ya yin irin wannan aiki. Sai wanda ya shekara da shekaru yana shiga ruwan sanyi, ya san abokin nutsonsa, ya san lokacin da igiya ke kwantawa.

A tsakiyar shekarun 1990 membobi sun haura 50,000. Daga nan adadin ya fara sauka, har ya koma ƙasa da 30,000.

Babban dalili daga waje ya zo. Tun 1966 John Cronin da Ralph Erickson suka kafa ƙungiyar koyar da nutso ta PADI a Amurka, a kan tsari na kasuwanci: ka biya, a koya maka cikin 'yan kwanaki, a ba ka katin shaida. Da kuɗin jirgin sama ya yi sauƙi, ɗan Birtaniya sai ya tafi hutu Bahar Maliya ta Masar ko Tailan, ya koyi nutso a ruwa mai ɗumi, garau, ya dawo da katinsa a mako guda. A reshe kuwa koyon yakan ci watanni, dare ɗaya a mako, ana jiran malamin da shi ma sai ya tashi daga aiki. Akwai kuma laifin cikin gida. A 1992 ƙungiyar ta hana membobinta amfani da naitiroks, iskar da aka ƙara wa iskar oksijin, ba ta janye hanin ba sai 1995. A tsakanin nan, waɗanda suka fi kowa ƙwarewa da son ci gaba suka koyi neman ilimi a wasu ƙungiyoyin, wasunsu kuma ba su dawo ba.

Sai ga wani yanayi da Gugen da Small ba su hango ba: ƙasa cike da mutanen da sun riga sun iya nutso, amma ba su da reshe. An daɗe ana kuka da yadda wasu rassa ke karɓar irin waɗannan. Mutum ya zo da nutso ɗari a littafinsa, a dube shi a ce ai a ruwan ɗumi ya koya, a mayar da shi sahun 'yan koyo. Wannan wulaƙanci ne, kuma asara ce ga reshen da ya yi shi. Uwar ƙungiya ta gyara dokarta: ta fitar da jadawalin da ke daidaita shaidar wasu ƙungiyoyi da tata, ta yadda mai katin farko na PADI yake daidai da matakin Ocean Diver mai iyakar mita 20, kuma mai shaidar waje yana iya shiga reshe ya ci gaba da nutso da katin da ya zo da shi. Abin da ya rage masa shi ne sabo da ruwan gida: rigar da ba ta barin ruwa ya taɓa jiki, sakin balan-balan ɗin alama daga ƙasa, lissafin igiya. Waɗannan a ruwa ake nuna su, a wuri irin tsohon ramin haƙar dutse na Stoney Cove, kuma gwani yakan kama su cikin 'yan fita kaɗan.

Jawo gwani ya fi riƙe shi sauƙi, kuma nan ne rassa suka fi tuntuɓe. Reshen da malamansa suka yi ƙaranci yakan ga sabon gwani kamar ruwan sama a fari. Kafin ya gama sanin sunayen mutane an ɗora masa 'yan koyo, kowane Asabar yana tsugune a mita 6 yana kallon yadda ake fitar da ruwa daga tabarau. Shi kuwa abin da ya kawo shi daban ne: yana son abokan tafiya tsararsa, da kwale-kwale, da iska mai araha, da ranar da za a je Scapa Flow a tsibiran Orkney, inda jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a 1919 suke kwance har yanzu. In shekara ta zagayo bai ga ko ɗaya ba, ba zai sabunta kuɗinsa ba, kuma yawanci ba zai faɗi dalili ba. Tsoffin membobi ma haka suke zamewa, bayan sun gaji da koyarwa.

Rassan da suka tsaya da ƙafarsu su ne waɗanda suka raba kalandarsu gida biyu, suka ware ranakun koyarwa, suka kuma ware tafiye-tafiyen da ba a ɗaukar ɗan koyo. Suna tambayar sabon gwani abin da yake so kafin su faɗa masa abin da suke buƙata. Suna buɗe masa hanyar hawa zuwa Dive Leader mai iyakar mita 50, da Advanced Diver, da First Class Diver, suna koya masa tuƙin kwale-kwale, suna ba shi damar tsara tafiya da kansa. Mutumin da aka damƙa wa makullin ɗakin injin iska, aka kuma saurari shawararsa a kan wane jirgi za a nufa a bazara, yakan ɗauki ɗan koyo daga baya ba tare da an roƙe shi ba.

Hedikwatar ƙungiyar tana Ellesmere Port a yankin Cheshire, daga can ake fitar da manhajar koyarwa da rahoton haɗurra na shekara-shekara, wanda masu nutso na kowace ƙungiya suke karantawa. Amma ma'aikatan hedikwata ba su ne ke tarbar baƙo a bakin wurin ninƙaya ba. Wannan aikin jami'in nutso ne da sakataren reshe, 'yan sa-kai kamar na 1954, kuma su ne za su duba littafin nutson baƙon su yanke ko za a sa sunansa a kwale-kwalen mako mai zuwa.