Wa Ya Riƙe Makullin Zaure?

A wata rumfar wasannin kwamfuta kusa da tasha a Konni na fara ganin abin, muna lise lokacin. Wani abokinmu ɗan Malbaza ya zo da manhajar Cheat Engine, ya nemi adadin kuɗin da ke cikin wasan, ya kashe kaɗan, ya sake nema, har adireshi guda ya rage cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Ya rubuta 999999 nan wurin. Kuɗi sunka cika, mai rumfa ya kore mu. Ni ko tambayar ta bi ni har jami'ar Tawa: ƙaƙa wata manhaja ke sa hannu aljihun wata?

A ƙa'ida bai kamata ba. Kowace manhaja mai gudana tana da gidanta cikin ƙwaƙwalwa, da katanga kewaye, kuma zuciyar tsarin, wadda ake kira kanel, ita ce maigida. Amma mai rubuta manhaja dole ya leƙa ciki in abu ya lalace. Kayan aikinsa shi ne dibaga, mai farautar ƙwari. Na farko-farko a jami'ar MIT ta Amurka ma sunan maganin ƙwari anka ba su: FLIT, sannan DDT a na'urar PDP-1 a 1961. Filit ɗin nan dai na fesa wa sauro. Su ba su buƙaci ƙofa ba, ɗaki guda suke kwana da manhajar da suke bincike.

Da katanga ta tashi sai anka yanka ƙofa. A 1975, cikin Unix fitowa ta shida daga Bell Labs, ptrace ta bayyana. Sharaɗinta mai tsanani ne: manhaja uwa kaɗai ke leƙa ɗiyar da ta haifa, sai ɗiyar ta tsaya cik, kuma kalma guda ake ɗauka kowane roƙo. Ɗibar gero daga rumbu da cokali ke nan. A 1984 Tom Killian ya kawo dabarar /proc, inda ake buɗe manhaja mai gudana a karanta ta kamar fayil. Linux ta gaji duka biyun, a 2012 ta ƙara process_vm_readv mai kwasa da yawa lokaci guda.

Windows NT, tun 1993, hanyarta daban. Ka nemi izni da OpenProcess, a ba ka wata shaida, ka karanta da ReadProcessMemory, ka rubuta da WriteProcessMemory, ba sai manhajar ta tsaya ba. Ta nan abokin namu ya shiga, bai ma sani ba. Na'urorin Apple kuma sun gaji Mach daga jami'ar Carnegie Mellon: wanda task_for_pid ta ba makulli ya samu gidan baki ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne rubutun. In ana so manhaja ta tsaya a wani layi, a injin Intel, dibaga na cire bayit guda ya ɓoye, ya sa 0xCC a gurbinsa. Manhaja na taka wurin sai ta faɗa tarko, kanel ya kira dibaga, shi kuma ya mayar da bayit ɗin kamar ba a taɓa ba.

To amma ƙofa ba ta tambayar niyyar mai shiga. Wani Bafaranshe, Benjamin Delpy, ya nuna da Mimikatz cewa ana iya tsamo kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar LSASS ta Windows. A watan Yuni 2017 cutar NotPetya ta yi aiki da irin dabarar ta durƙusar da manyan kamfanoni. Tun 2010 Ubuntu ta taƙaita ptrace ga uwa da zuriyarta, kusan dokar 1975 ke nan anka koma. Apple ta kulle manhajojin tsarinta a 2015. A ganina sun makara.

Android ma a kan Linux take, kuma kowace manhaja da katangarta, shi ya sa GameGuardian ke neman a yi wa salula rut, wato a karɓe makullin maigida. Hutun bana ƙanena a Illela ya matsa in kai tamu wurin mai gyara don ƴan kuɗin wasa. Cikin salular nan ne kuɗin da yayanmu ke aikowa daga ci-rani ke sauka. Na hana, ya yi kwana biyu bai gaishe ni ba.