Azumin Kwana Arba'in da Ista a Ikilisiyar Katolika

Lokacin Azumi, wanda mutane da yawa suka fi sani da Lent, lokaci ne da Ikilisiyar Katolika ta keɓe domin shirin bikin mutuwa da tashin Ubangijinmu Yesu Kristi. Yana farawa ranar Larabar Toka, ya ƙare da yammacin Alhamis Mai Tsarki kafin Misar Jibin Ubangiji. Daga nan sai Kwanaki Uku Masu Tsarki, sai lokacin Ista mai kwana 50 har zuwa Fentikos. Idan aka haɗa su duka sun fi wata uku, kuma babu wani lokaci a shekara da aikin farish yake da yawa kamar wannan.

Lissafin kwanakin

Daga Larabar Toka zuwa Asabar ta jajiberen Ista kwana 46 ne. Idan aka cire Lahadi shida, domin ba a azumi ranar tashin Ubangiji, sai a sami 40. Adadin ya fito daga Littafi Mai Tsarki: Musa a kan Dutsen Sina'i, Iliya a hanyarsa ta zuwa Horeb, da Yesu kansa a jeji kafin ya fara wa'azi (Matiyu 4). Al'adar tsohuwa ce ƙwarai, tun a ƙarni na huɗu an san ta a gabas da yamma.

Ranar Ista ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ita ce Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta, saboda haka ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Larabar Toka na biye da ita, tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris. Yawancin ikilisiyoyin Otodoks, har da na Masar da Habasha, suna lissafi da tsohuwar kalanda, shi ya sa Istarsu takan bambanta da tamu. A 2025 an dace, duka aka yi ranar 20 ga Afrilu.

Larabar Toka

Tokar da ake shafawa a goshi daga ganyen dabinon bara ake samo ta. Ana tattara busassun ganyayen da mutane suka ajiye a gidajensu, a ƙone su, fada ya sa wa tokar albarka. Yayin da yake shafa ta, yakan tuna wa mutum cewa daga ƙasa aka yi shi kuma can zai koma, ko ya kira shi ga tuba da ba da gaskiya ga bishara. Toka ba sakramenti ba ce. Yaro da babba, mai baftisma da wanda bai samu ba, kowa na iya karɓa, kuma katikis da aka ba izini yana iya shafa ta a majami'ar ƙauye inda fada bai iso ba. Ranar ba ta cikin ranakun da zuwa Misa ya zama wajibi, amma duk da haka majami'u kan cika fiye da wata Lahadin. Akwai abin lura a karatun ranar. Matiyu 6 ne, inda Yesu ya gargaɗi masu sadaka da addu'a da azumi don idon mutane. Wanda ya fita da toka a goshi domin a gan shi a kasuwa bai saurari karatun ba.

Yadda azumin yake

A nan ne tambayoyi suka fi yawa, musamman a arewa inda muke zaune da maƙwabta Musulmi da 'yan'uwa na wasu ɗarikoki, kowa da irin azuminsa. A 2025 watan Ramadan da Lent sun fara cikin mako ɗaya a farkon Maris, kuma matasa da yawa sun sha tambaya a makaranta da wurin aiki: wane irin azumi ne ake shan ruwa a cikinsa? Ya kamata kowa ya san amsar.

Dokar Ikilisiya, yadda Paparoma Bulus na Shida ya tsara ta a 1966 kuma ta shiga kundin dokoki na 1983, ta raba abu biyu. Na farko azumi: cin cikakken abinci sau ɗaya a yini, tare da ɗan abin taɓawa safe da yamma idan akwai bukata. Wannan wajibi ne kwana biyu kawai, Larabar Toka da Juma'a Mai Tsarki, ga wanda ya cika shekara 18 har zuwa shigarsa shekara ta 60. Ruwa da magani ba sa karya shi. Na biyu ƙauracewa nama, wanda ya hau kan duk wanda ya cika shekara 14, a waɗannan ranaku biyu da kowace Juma'a ta Lent. Kifi da ƙwai da madara ba sa cikin hanin. Marar lafiya, da mai ciki, da mai shayarwa, ba a ɗora masu abin da zai cutar da su.

Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake nema, kuma ba a hana kowa ya ƙara ba. Akwai masu yini ba ci ba sha har ƙarfe uku ko shida na yamma, kuma abu ne mai kyau muddin lafiya ta ɗauka. Sai dai a tuna Lent yakan faɗo cikin zafin bazara, kuma mai ciwon suga ko gyambon ciki da ya ƙi ruwa don kada a ce ya gaza, ba Allah yake faranta wa rai ba. Akwai kuma wani gefen da ya kamata a faɗa. A gidan da nama ba ya shiga tukunya sai ranar biki, barin nama ranar Juma'a ba wata sadaukarwa ba ce. Haka ma mai hali da ya bar naman sa ya sayi babban kifi mai tsada ya kiyaye harafin doka ya bar manufarta. Shi ya sa fadoci kan shawarci mutum ya duba abin da ya fi riƙe zuciyarsa, ko burkutu ne, ko caca, ko waya, ko tsegumi, ko gabar da ya daɗe yana yi da ɗan'uwa, ya bari.

Azumi ba ya tafiya shi kaɗai. Addu'a da sadaka abokan tafiyarsa ne. Abin da aka rage daga ciki na matalauci ne, ba na ajiya ba. A farish da dama akan yi tarin kuɗi da hatsi na musamman, Zumuntar Mata Katolika da ƙungiyar Waliyyi Binsent na Paul da matasa su kai wa gwauraye, marayu, 'yan gudun hijira, marasa lafiya da fursunoni.

Abin da ke canjawa a majami'a

Fada yana sa tufafi na shunayya, alamar tuba. Ba a ƙawata bagade da furanni, ba a rera Halleluya, kuma ba a rera waƙar ɗaukaka sai a manyan bukukuwa irin na Yusufu Mai Tsarki (19 ga Maris) da na albishir ga Budurwa Maryamu (25 ga Maris). Kayan kiɗa sai dai su tallafa wa murya kawai, abin da kan yi wa mawaƙanmu masu ganga da tulu da shantu wuya. A Lahadi ta huɗu akan ɗan sassauta, fada na iya sa tufafi ruwan hoda. Daga Lahadi ta biyar ana iya rufe gicciye da siffofin tsarkaka da ƙyalle.

Asalin Lent yana da alaƙa da baftisma. Manyan da suka daɗe suna koyon katikisma ana rubuta sunayensu a Lahadi ta farko, sannan a yi masu addu'o'in bincike na musamman a Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar, tare da labarin Basamariya a bakin rijiya (Yohanna 4), da na wanda aka haifa makaho (Yohanna 9), da na tashin Li'azaru (Yohanna 11). Sauran jama'a kuma sukan nemi sakramentin tuba. Doka tun daga babban taron Lateran na 1215 ita ce mai bi ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Yukaris a lokacin Ista. Fadocin yanki kan haɗu su zaga farish-farish domin sauraron masu furta zunubi. Barin wannan sai daren Asabar ta ƙarshe wahalar da kai ne da wahalar da fada.

Hanyar Gicciye

Ibadar da jama'a suka fi riƙewa a Lent ita ce Hanyar Gicciye, ranar Juma'a, a wasu wurare har da Laraba. Ta samo asali daga masu ziyara da ke bin sawun Yesu a Urushalima, 'yan ƙungiyar Faransis na Asisi suka yaɗa ta, Paparoma Kilemen na Goma Sha Biyu ya tsayar da zangunanta 14 a 1731. Tana farawa daga yanke wa Yesu hukunci, ta ƙare da sa shi a kabari. 'Yan'uwanmu na wasu ɗarikoki kan tambaya ina aka rubuta faɗuwar Yesu sau uku, ko matar nan Beronika da ta share masa fuska. Gaskiya ita ce ba sa cikin Linjila huɗu, daga al'adar ibada suka fito, kuma babu kunya a faɗi haka. A 1991 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi amfani da wani tsari da kowane zangonsa ya fito daga Nassi. Ibada ce da ba ta bukatar fada, shi ya sa take da daraja a ƙauyukan da katikis ne ke riƙe da jama'a.

Mako Mai Tsarki

Lahadin Dabino ana taruwa a waje, a sa wa ganye albarka, a shiga majami'a cikin jerin gwano. Wata mai ziyara da ake kira Egeriya ta ga irin wannan jerin gwano daga Dutsen Zaitun tun wajen ƙarshen ƙarni na huɗu. Ana karanta labarin shan wahalar Ubangiji daga Matiyu ko Markus ko Luka, bisa ga shekara.

Cikin makon bishop yakan tara fadocinsa a babbar majami'ar dayosis domin Misar Mai. A nan ake tsarkake mai iri uku: na marasa lafiya, na masu neman baftisma, da krisma na baftisma da ƙarfafawa da naɗin fadoci. Ainihin lokacinta safiyar Alhamis ne, amma an yarda a yi ta kafin nan. Dalili a fili yake a dayosis irin na Maiduguri, wanda ya haɗa Borno da Yobe da wani yanki na Adamawa: dole fada ya sami lokacin komawa wurin jama'arsa.

Da yammacin Alhamis ake Misar Jibin Ubangiji, inda ake tunawa da kafa Yukaris da aikin firist da umarnin ƙauna. Fada yana wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a kamar yadda Yesu ya yi (Yohanna 13), kuma tun 2016 Paparoma Faransis ya buɗe wannan ga mata ma. Bayan Misa akan kai Yukaris wurin da aka shirya, a kwashe kome daga kan bagade, ƙungiyoyi su riƙa karɓeɓeniya wajen zaman tsaro da addu'a. Ƙararrawa ta yi shiru ke nan sai daren Ista.

Juma'a Mai Tsarki babu Misa ko'ina a duniya. Wajen ƙarfe uku na rana fada ya shigo shiru cikin jan tufafi, ya kwanta rub da ciki a gaban bagade. Ana karanta shan wahala daga Yohanna, a yi manyan addu'o'i goma domin Ikilisiya, da Yahudawa, da waɗanda ba su gaskata da Kristi ba, da masu mulki, da masu shan wahala. Sai girmama gicciye, inda kowa ke zuwa ya durƙusa ko ya sumbace shi. Girman ba na katako ba ne, na wanda aka rataye a kai ne. Baikon ranar na Ƙasa Mai Tsarki ne. Wasan kwaikwayon da matasa kan yi da safe yana taɓa zuciya, amma bai maye gurbin sujadar ƙarfe uku ba, kuma idan bulala da ihun masu wasan soja suka koma abin dariya, shugabanni su sa baki.

Daren Ista

Wannan ita ce babbar sujada ta shekara. An daɗe ana yin ta da safiyar Asabar, sai Paparoma Piyus na Goma Sha Biyu ya mayar da ita dare, a matsayin gwaji a 1951, sannan dindindin a 1955. Ƙa'ida ita ce a fara bayan duhu ya shiga, a gama kafin wayewar gari. Inda tsaro ya hana fitar dare, bishop ne ke ba da umarnin lokacin da za a bi.

Ana hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir na Ista mai ɗauke da gicciye, da haruffan Alfa da Omega, da lambar shekara, da ƙwayoyin turare biyar domin raunukan Kristi. A shiga majami'a cikin duhu, kowa ya kunna nasa kyandir daga wannan ɗaya. Karatun Tsohon Alkawari bakwai ne, ana iya rage su zuwa uku, amma ba a taɓa barin ƙetarewar Bahar Maliya (Fitowa 14). Sannan ƙararrawa ta tashi, ganguna su dawo, a rera Halleluya. A yi wa sababbin masu bi baftisma, su karɓi Yukaris a karo na farko, sauran jama'a su sabunta alkawaran baftismarsu.

Kwana 50 na Ista

Kwana takwas na farko ana ɗaukarsu kamar yini ɗaya na biki, Juma'ar cikinsu ma babu hanin nama. Litinin hutu ce a Nijeriya da Nijar, kuma farish da yawa kan fita fili ko kan dutse domin abin da ake kira zuwa Galili, a yi addu'a, a ci a sha, yara su yi wasanni. Lahadi ta biyu ita ce ta Jinƙan Allah tun shekara ta 2000. A kwana na 40 ake bikin hawan Yesu sama, a na 50 kuma Fentikos. Cikin dukan wannan lokaci karatun farko daga Ayyukan Manzanni yake fitowa, kyandir na Ista kuma yana ci kusa da bagade. Bayan Fentikos akan mayar da shi wurin baftisma, a riƙa kunna shi idan za a yi wa wani baftisma, da kuma kusa da akwatin gawa ranar jana'iza.