Yadda renon yara ya zama aikin da ake koyo a jami'a

Akwai masu cewa kula da yaro ɗan shekara ukku ba ya bukatar ilimi, haƙuri kawai ya isa. Mutanen Faransa ma haka suka ɗauka da farko. Tun da lakwal ɗinmu daga wajensu muka gaje ta, ya kamata mu ji yadda suka sake ra'ayi.

Wajen shekarar 1826, mata matalauta da yawa a birnin Paris suna fita aiki tun da safe, ba su komowa sai dare. Ƴaƴansu suna yawo bisa titi, babu mai tsaron su. Sai waɗansu mata masu hali suka buɗe ɗakuna inda ake ajiye yara daga shekara biyu zuwa shida. Ana kiran su ɗakunan mafaka. Yara fiye da ɗari sukan cika ɗaki guda, suna zaune jeri-jeri bisa bencina masu hawa-hawa. Mai tsaron su tana riƙe da katako biyu tana bugawa. In ta buga su tashi, in ta sake bugawa su zauna.

Wata mace mai suna Marie Pape-Carpantier ta yi wannan aiki a garin La Flèche, daga baya a Le Mans. Ta lura yaro ƙarami ba ya gane dogon jawabi. Amma in an ba shi abu ya gani, ya taɓa, sai ya yi ta tambaya. A 1847 aka kira ta Paris, aka ba ta shugabancin makarantar horar da masu riƙon waɗannan ɗakuna. Ta riƙe ta har 1874. Horon na ƴan watanni ne kawai, amma daga nan aka yarda aikin yana bukatar koyo.

Bayanta sai Pauline Kergomard. A 1879 aka naɗa ta mai binciken ɗakunan mafaka, ta yi ta zagaya ƙasa har 1917. Abin da ta gani bai gamshe ta ba. Ana tilasta wa ƙananan yara hadda da rubutu kamar manya. Ita kuwa a ganinta wasa shi ne aikin yaro. Ta nemi a kawar da manyan bencina, a kawo kujeru daidai tsawon yara. A 1881 gwamnati ta soke sunan ɗakin mafaka, aka koma cewa makarantar reno. A 1921 aka daidaita matsayin malamanta da na malaman firamare.

Matakin jami'a ya zo a makare. Dokar 1989 ce ta kafa cibiyoyin horar da malamai haɗe da jami'o'i. A wancan lokaci, mai son koyar da ɗan shekara ukku sai ya yi karatun shekara ukku bayan bak, ya ci jarrabawar shiga, sannan a hore shi. Takardarsa ɗaya da ta mai koyar da ɗan shekara goma. A 2019 kuma aka wajabta karatu ga kowane yaro tun daga shekara ukku.

Ku duba: daga 1826 zuwa 1989, shekara 163 ke nan. Mi ya sa aka daɗe haka? Domin aikin na mata ne, yaran kuma na talakawa ne, shi ya sa aka raina shi.

Mu ma muna da makarantun ƙananan yara a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, mai tanƙwarar ma sai ya iya, in ba haka ba ya karya shi. Saboda haka, in kun kai yaro, kada ku tsaya ga kyan gini. Ku tambaya: malamar nan, ina aka hore ta? Yara nawa ne a hannunta? Tana barin su su yi wasa?