Ruwan Cikin Birni: Daga Jakara Zuwa Jarkar Ɗan Garuwa

Da aka zo shirin bikin cikar ƙungiyarmu shekara 20, Hajiya shugaba ta ce a rubuta tarihin wani abu da ya shafe mu duka. Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci muka ce a bar mana, mun zaɓi ruwa. Dalili kuwa, da mai ƙosai, da mai zoɓo da kunun aya, da mai rini, da mai wankau, babu wadda za ta buɗe sana'a da safe ba ta fara lissafin jarka ba. Mun tambayi tsofaffi, malamarmu kuma ta karanta mana abin da ke cikin littattafai. Ga abin da muka tattaro. Inda muka yi tuntuɓe a gyara mana, alƙalamin bai daɗe a hannunmu ba.

Kano dai a bakin ruwa ta tashi. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Barbushe, lokacin da mutane ke zaune a gindin Dala, akwai wani kurmi mai duhu a Jakara da ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. Mutanen wancan zamani, kafin zuwan Musulunci, tsoronsa suke ji, ba mai sa gatari a itacensa. Da Sarki Muhammadu Rumfa ya hau mulki a 1463, shi ya kafa Kasuwar Kurmi a wannan wuri. Ashe sunan kasuwar da muke shiga kullum daga can ya samo asali, mu ba mu sani ba sai a aji.

Su kuma kududdufai, hannun mutum ne ya haƙa su. Ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, da gidajen kakanninmu, da zaurukan unguwa, duk da ƙasa aka gina su. Inda aka ɗebi ƙasar tubali da ta yaɓe sai rami ya zauna, damina ta zo ta cika shi. Haka kusan kowace unguwa ta samu nata. Aikinsu kuwa ba kaɗan ba ne. In an yi ruwa mai ƙarfi, nan yake gangarawa ya kwanta, bai shiga ɗakin kowa ba. Daga nan yana tsatsafowa a hankali ta ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyin gidaje su samu. Magina su ɗiba, dabbobi su sha, masu wanki su yi wanki, yara su kama tarwaɗa.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki mu ce da can komai tsaf yake. Wani Bature ɗan Birtaniya, Clapperton, wanda ya ce a riƙa kiransa Abdullahi, ya zo Kano a 1824. Ya rubuta cewa wata fadama ta kusa raba garin biyu, ga agwagi da tsuntsaye a cikinta, kuma ƙazantar gidaje can take zuba. Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, shi ma ya koka da ruwan Jakara da ke kwance a tsakiyar gari. To kun ga ciwon tsoho ne. Sai dai sharar wancan lokaci toka ce da ganye da kashin dabbobi, ƙasa tana cinye su. Ta yau leda ce da roba da baƙin mai, sai su shekara nawa suna nan yadda aka zubar da su.

Ruwan famfo ya shigo birni a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga kogin Challawa ake jawo shi, a tace, a tura tanki a kan Goron Dutse, ya gangaro cikin gari. Tsofaffinmu suna ba da labarin famfon unguwa da layin tuluna, da kuma duba-gari, wanda in ya shigo gida sai ya leƙa randa da kwata, kowace mace gabanta na faɗuwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga, aka gama a 1974, daga baya aka ƙara matatar Tamburawa. Sai dai gari ya yi ta cika yana batsewa, ruwan bai ƙaru daidai da jama'a ba. Mu da muka taso a shekarun 1980 mun ga famfo yana zuba a tsakar gida. 'Ya'yanmu kuwa kurar ɗan garuwa suka sani.

Akwai shekaru biyu da ba ma mantawa. A watan Agusta na 1988 aka yi ruwan da ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a Kano, dam ɗin Bagauda ma ya ɓalle. Muna yara, amma mun tuna iyayenmu mata suna kwarfe ɗaki da ƙwarya cikin dare. Sai 1996, shekarar da sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa suka haɗu a garin nan. A cikinmu akwai wadda ta rasa ɗa a wannan shekara, akwai wadda ta rasa ƙanwa. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceto ne. Amai da gudawa ta ruwa da abinci marar tsafta take shiga ciki, ma'aikatan lafiya sun sha faɗa mana.

Yanzu mu bi Jakara mu ga inda take zuwa. Tana ratsa birni tana kwashe ruwan kwatoci, ta fita ta wajen Fagge ta ɗauki na mahauta, can gaba ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ta zube a dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir. A hanya, wajen su Kwakwaci, masu lambu da wannan ruwa suke ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji. Da asuba a ɗauko kayan a kawo kasuwa, mu saya, mu kai gida mu yi kwaɗo. Wato abin da muka watsa a kwata jiya, shi ne yake dawo mana a faranti. A kudu ma haka, ruwan majemun Sharaɗa da na Challawa yana gangarawa kogin da gari yake sha. A 'yan shekarun nan an rufe wani ɓangare na Jakara da kankare, ana shimfiɗa titin da ake kira Wuju-Wuju a kai. Titi alheri ne, amma ruwan da aka rufe bai zama mai tsafta ba, ɓoye shi kawai aka yi daga ido.

Kududdufan kuwa ana ta cike su ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake yi mun gani da idonmu. Da fari a mai da bakin juji. Shara ta taru, wari ya ishi maƙwabta, sauro ya hana barci, har mutanen unguwa da bakinsu su ce gara a rabu da shi. Sai tifa ta fara sauke ƙasa, kafin ka ce kwabo an yanka filoti, shaguna sun tashi. Damina ta farko ruwa ya zo bai samu gidansa ba, ya bi lungu ya shige namu. Katangar ƙasa ta jiƙe ta zauna, masai ya cika ya tumbatsa, ya haɗu da rijiya. A gidajen cikin birni kuwa, masai da rijiya sau da yawa 'yan taku ne a tsakaninsu.

A nan sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Mu 'yan kasuwa ne, shago muke nema ido rufe. Bara da aka yi mana tayin shaguna uku a kan wani kududdufi da aka fara cikewa kusa da mu, wallahi da yawa a cikinmu ransu ya biya, don kuɗin adashinmu ya isa. Taron ya yi zafi. Wata dattijuwarmu, wadda gidanta ke gangaren wurin, ta ce: "'Ya'yana, ku saya, amma ku tanadar mini ɗakin da zan kwana in Agusta ta zo." Shiru ya ɗauki wurin. Aka ƙirga hannu, masu cewa a bari suka yi rinjaye da kaɗan. Har yau akwai masu ganin mun yi asara, kuma ba mu ga laifinsu ba, hayar shago ba wasa ba ce. Sannan ledar da ke toshe magudana, wa ke ƙulla kaya a cikinta in ba mu ba?

Saboda haka ga abin da muka tsayar a wannan shekara. Kuɗin ƙungiya ba zai shiga filin da aka cike kududdufi ba. Masu zoɓo da kunu da fura za su tafasa ruwa ko su sa maganin tace ruwa, su kuma san inda ɗan garuwarsu yake ɗebowa. Kowace rijiya a yi mata murfi, guga kuma a rataye shi, kada ya kwana a ƙasa. Ganyen lambu a wanke shi sosai da ruwa mai kyau. Ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, za mu biya matasa su yashe kwatar layinmu, a kwashe abin da aka fitar, ba a bar shi a baki ruwa ya mayar ba. Mun kuma rubuta takarda da hannunmu zuwa ga mai unguwa, ya miƙa gaba, muna roƙon kududdufin da ya rage mana a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara. A Islamiyya an karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana ɓata ruwan da ke kwance, ya hana almubazzaranci da ruwa ko a alwala.

Takardar tana wurin sakatariya. Wadda ba ta sa hannu ba ta zo bayan taro, wadda ba ta iya rubutu ba tukuna ta dangwala, sannan ta biyo mu aji, akwai sauran benci. Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya ba mu damina mai sauƙi, Ya maimaita mana. Amin.