Jimlar karɓau a lokutan kammalawa na Turanci

A nahawun Turanci, jimlar karɓau, wadda ake kira "passive voice", ita ce jimlar da ake dawo da abin da aiki ya faɗa wa zuwa farkonta. Shi kuma wanda ya yi aikin a tura shi ƙarshe bayan kalmar "by", ko a bar shi gaba ɗaya. Kishiyarta ita ce jimlar aikau, wato "active voice". Lokutan kammalawa kuwa su ne waɗanda ake ginawa da "have", "has" ko "had" tare da siffa ta uku ta aikatau, kamar "written" a jerin "write, wrote, written".

Yadda ake juyawa

Kalma ɗaya ce ke riƙe da juyin, wato "been". Ana saka ta tsakanin mataimakin aikatau da siffa ta uku, kuma ba ta canzawa ko wane lokaci ne. Jimlar "The tailor has sewn the gown" takan koma "The gown has been sewn by the tailor". A lokacin da ya shuɗe, "They had sold the car" ta zama "The car had been sold". A lokaci mai zuwa, "She will have finished the work" ta zama "The work will have been finished". Idan aka manta "been", ma'ana takan juye gaba ɗaya: "The goat has eaten" na nufin akuya ta ci abinci, "The goat has been eaten" kuwa ita aka cinye.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne zaɓi tsakanin "has" da "have". Mataimakin aikatau yana bin sabon sunan da ya zo farko ne, ba tsohon ba. Don haka "The teacher has marked the scripts" takan koma "The scripts have been marked", tunda takardun jam'i ne. "Had" da "will have" ba su da wannan matsala. A tambaya, mataimakin ne kaɗai ke tsallakawa gaba: "Has the door been locked?"

Jimlolin da ba sa juyuwa

Aikatau so-karɓau ne kawai ke shiga wannan tsari. Aikatau ƙi-karɓau irin su "arrive", "die" da "happen" ba su da abin da za a dawo da shi farko, shi ya sa "The accident has been happened" kuskure ne. Lokacin kammalawa mai ci gaba yana juyuwa bisa ƙa'ida, kamar "The road has been being repaired", amma yana da nauyi a baki, kuma masu harshen kansu ba safai suke amfani da shi ba.

Kwatanci da Hausa

Hausa ba ta da mataimaki irin "been". Takan yi amfani da "an" ko "aka" idan ba a son ambaton mai aikin, kamar "an sayar da mota". Akwai kuma aikatau masu ƙarewa da "-u" irin su "gyaru" da "dafu", waɗanda F. W. Parsons ya sanya a aji na 7 a rabe-rabensa na aikatau. Sai dai "an" ba ya karɓar sunan mai aikin a ƙarshe yadda "by" ke yi, don haka mai fassara "has been sewn by the tailor" dole ya koma cewa tela ya ɗinka rigar.