Hatima da Zaili

Malamanmu na da, idan sun kai ƙarshen littafi, ba sa ajiye alƙalami sai sun rubuta hatima, kalmar da tushenta na Larabci ɗaya ne da na hatimi, wato tambarin da sarki kan buga wa wasiƙa domin a tabbatar tasa ce. Kuma a ganina sunan ya dace ƙwarai, domin mawallafi da hannunsa yake rufe zancensa da hamdala da salati. Zaili kuwa, wanda asalinsa wutsiya ne ko gefen tufa, galibi wani ne daban yake ɗora shi daga baya, kamar yadda Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya cike littafin Dibaj na Ibn Farhun da tarihin malaman Malikiyya waɗanda ba a ambata ba.