Daga Ƙofar Mata zuwa Dala a ƙafa: abin da ya rage mana na tsohuwar Kano

A watan Disambar 2024, da UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kusan kowa a nan Facebook ya ɗora hoton doki ya yi murna. Ni ma na ɗora. Abin da ban ga an tsaya an tattauna ba shi ne, ganuwar Kano da Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa suna layin jiran wannan hukuma tun 2007, kuma har yau ba su tsallake ba. Doki ana haifar wani, kayan hawa ana ɗinka sababbi. Badala kuwa, wurin da aka kwashe aka dasa shago ya tafi ke nan.

Ina da wata 'yar hanya da nake bi da baƙi, ko abokan aiki da aka turo daga wata jiha, ko yaran gidanmu lokacin hutu. Ba ta wuce awa uku a ƙafa, har da tsaye-tsaye. Ga ta nan, ko wani zai gwada. Sharaɗin kawai a ajiye mota, a kuma haƙura da adaidaita, domin birni ba ya karantuwa ta tagar mota.

Daga Ƙofar Mata nake farawa, wajen ƙarfe bakwai na safe, a marina. Shekarar da ake danganta kafuwarta da ita 1498 ce, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Rami ne mai zurfin da ya fi tsayin mutum, ana zuba ruwa da toka da baba da katsi, a bar su kwanaki har su nuna. Marini ya tsoma ƙyalle ya ɗago, sai ka ga ya fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonka. Yara suna son wannan wurin ƙwarai. Daga nan sai wajen mabuga, inda ake dukan tufa da shuni a kan gungume har ta ɗauki wannan ƙyallin da Buzaye suke so a rawaninsu. Amma ka ƙirga ramukan da ake aiki a cikinsu, ka ƙirga waɗanda suka bushe suka cika da ƙasa da leda. Na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Yanzu mu ne muke jiran kwantena.

Kafin a shiga gari, ina sa baƙo ya juya ya dubi ƙofar kanta, ya nemi ganuwar da ya kamata a ce tana maƙale da ita hagu da dama. Galibi sai ya ce min bai ga komai ba sai shaguna. To, a nan nake ɗaukar lokaci, don a nan maganar take.

Bisa abin da ke cikin littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya sake faɗaɗawa a farkon ƙarni na 17. Kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A cikinta akwai gonaki da makiyaya da ruwa da duwatsu biyu, Dala da Goron Dutse, domin ko abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya wata da watanni, a iya noma a ci. Rahoton Lugga na 1903 ya ce kewayenta ya kai mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40. Ranar 3 ga Fabrairun wannan shekarar, da Kanar Morland ya zo da igwa, ƙofar da ya fara buga wa wuta ba ta ba shi hanya ba, sai da ya koma Kabuga sannan ya samu shiga. Lokacin Sarki Alu yana Sakkwato.

Ka ga ke nan igwa ba ta rushe ta ba. Ba tsufa ne ya ci ta ba kuma, tunda ta riga ta yi wajen shekara 800 a tsaye kafin zuwan Turawa. Ginin ƙasa ba dutse ba ne, kowace damina sai ta ɗan ci rabonta, kowane rani kuma sai an mayar. A da, idan an gama kaka, akan raba wa masu sarauta sassan ganuwa, kowa ya tattaro mutanensa a zo a yi yaɓe. Kada mu yi wa abin kwalliya: ba duka ne gayyar son rai ba, akwai bayi a ciki, akwai talakawan da ba su da ikon cewa a'a. Amma dai akwai tsari, an san wa ke da alhakin wane ɓangare. Da mulkin mallaka ya zo, ganuwa ta daina zama kariya, wancan tsari ya mutu, ba a kuma kafa wani a madadinsa ba. Daga nan sai mai neman ƙasar gini ya ɗiba, mai neman hanya ya fasa, mai neman fili ya yanka. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata sabuwa a wurin. Yawancin ƙofofin da muke ɗaukar hoto a gabansu yau siminti ne da fenti ruwan ƙasa. Ni ma'aikaci ne, ba zan shiga batun wace gwamnati ta yanka wace ta rushe ba. Abin da na sani, kowa a cikinmu ya san wani da ya sayi fili a kan badala, kuma mun je mun taya shi murna.

Daga Ƙofar Mata a miƙe yamma, a wuce Asibitin Murtala, sai Babban Masallaci. Tun zamanin Rumfa ake sallar Juma'a a wannan yankin, amma ginin da ake gani yanzu mai koren ƙubba na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, 1951. Ba na daɗewa a nan, sai dai mu yi addu'a ga waɗanda suka rasu a harin 28 ga Nuwamba 2014. Allah Ya jiƙansu.

Sai a bi jikin katangar fada a zagaya zuwa Ƙofar Kudu. Wannan gida shi ne Gidan Rumfa, kuma abin da ya bambanta shi da fadoji da yawa na duniya shi ne ba a taɓa barinsa ya zama kango ba. Sarakunan Haɓe sun zauna a ciki har zuwa Alwali, wanda jihadi ya kawar a 1807, na Fulani suka ɗora, zuriyar Ibrahim Dabo tun 1819. Rumfa mutum ne mai son tsari. Shi ake danganta wa majalisar Tara ta Kano, da kakaki, da figini, da takalmin gashin jimina. Wato yawancin abin da ake kallo a hawan da UNESCO ta yaba, daga hannunsa ya fito. A zamaninsa ne Shehu Magili ya zo daga arewacin Afirka ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan mai mulki, kuma unguwar Sharifai tana danganta kanta da shi har gobe.

Tsallaken titi Gidan Makama ne, inda Rumfa ya zauna kafin ya hau gado, Turawa suka mai da shi ofis bayan 1903, yanzu kuma gidan tarihi. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari na ƙarfe, akwai kayan yaƙi da hotuna. Amma ni rufin nake sa mutane su kalla. Ka ɗaga kai ka ga yadda aka jera azara, aka lanƙwasa bakan gizo, ba ƙarfe ba siminti, ga sanyi kamar an kunna na'ura alhali rana tana dukan waje. Ka tambayi kanka magina nawa suka rage a Kano da za su iya ɗaura irin wannan daga tushe, kuma yara nawa ne suke koyo a hannunsu.

Daga nan a juyo arewa zuwa Kurmi. Rumfa ne ya kafa ta ita ma, a bakin Jakara. Lunguna ne matsattsu, kowace sana'a da layinta: dukawa, 'yan sirdi da linzami, 'yan tasa, masu turare, masu littattafai, masu maganin gargajiya. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya zo a 1824, ya ba da labarin wani abu da nake so 'yan kasuwarmu su ji. Ya ce idan mutum ya sayi riga ko turkuɗi a ƙunshe ya tafi da shi har Barno, ya kwance ya tarar da algus, yana iya mayar da shi, domin akan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, kuma dole a nemo mai kaya ya biya. Shekara 200 ke nan da suka wuce. Shi dai wannan Baturen ya kuma bayyana rumfunan da ake sayar da bayi a kasuwar, maza gefe mata gefe. Ina faɗa wa yara wannan ma, don tarihin garinsu ne, ba a zaɓar mai daɗi a bar mai ɗaci.

Jakara yanzu an rufe ta an shimfiɗa titi a kai, yaro zai iya wucewa bai san akwai rafi a ƙarƙashinsa ba. Wannan ya kawo ni batun kududdufai. Duk gidan ƙasa da ka gani a birni, da ita kanta ganuwa, daga rami aka haƙo ƙasarsu. Ramin nan shi ne kududdufi. Idan aka yi ruwa, unguwa ta tura masa ruwanta, ya riƙe, ya tsotse a hankali, rarar ta gangara Jakara. Gaskiya ne suna tara sauro da shara, ba wanda ya ce a bar su haka. Amma da aka cike su aka yi gini a kai, ba a yi wa ruwan wani masauki ba. Shi ya sa duk watan Agusta za ka ga bidiyon ruwa a cikin ɗakunan mutane, ana cewa ikon Allah. Ikon Allah ne, amma ramin da ruwan yake zuwa da, mu muka sayar.

Tsakanin Kurmi da Dala shi ne ɓangaren da na fi so, ko da yake babu wani gini na a-zo-a-gani. Sunayen unguwanni kawai nake karanta wa baƙo, na nan kusa da na sauran sassan birni. Madabo, inda malaman Wangarawa da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) suka kafa makaranta. Dandalin Turawa, wanda ba shi da alaƙa da Ingilishi: a tsohuwar Hausa Larabawan Gadamas da Tarabulus ake kira Turawa. Alfindiki, daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake. Alkantara, wato gada. Zangon Barebari. Tudun Nufawa. Agadasawa. Ayagi, ta Yarabawa. Ƙoƙi, unguwar Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja a Ghana ta yau, ya rasu a 1955. Duk lokacin da na ga samari a nan suna faɗa kan wane ne asalin Bakano wane ne baƙo, sai in ce da ma su zo su taka wannan rabin awar. Wanda ya fi kowa ɗaga murya, in aka bi salsala, wataƙila kakansa da ayari ya shigo.

Ƙarshen tafiya Dutsen Dala. Akwai matakala, amma mai ciwon gwiwa ya hau a hankali. A nan labarin ya faro: maƙera da suka zauna saboda tama tun wajen ƙarni na 7, Barbushe da Tsumburbura, sannan Bagauda da ake ƙirga sarautarsa daga 999. Gidaje sun matso har gindin dutsen, zaizaya tana cin gefensa, ga bola. Daga sama za ka hango Goron Dutse a yamma, hasumiyoyin Babban Masallaci ta kudu. Sai in ce wa baƙo ya bi layin ganuwa da ido ya zagayo. Ta wajen Gadon Ƙaya zuwa Dukawuya da Kabuga akan ga guntaye. Sauran sai dai in nuna da yatsa in ce, nan take da.

Mai son zuwa, Asabar ko Lahadi da safe ya fi, kada a zaɓi Juma'a. A sa takalmi mai rufi, a riƙe ruwa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko ƙofar gidansa, kuma a marina a sayi ko da ƙaramin ƙyalle ne, kada a ɗauki hoto kawai a juya. In da hali a nemi dattijon unguwa ya yi rakiya, a sallame shi da abin kirki, domin akwai abin da ke bakinsu da babu shi a littafin Palmer.

Sannan ina da roƙo. Duk wanda yake da tsohon hoton badala ko na wata ƙofa kafin a sake ta, ko da hoton biki ne ganuwar ta fito a baya, don Allah ya turo min tare da shekarar da sunan wurin. Ina tara su ƙofa-ƙofa. Waɗanda na fi nema yanzu su ne na Ƙofar Wambai da Mazugal da Ƙofar Ruwa.